Kawu, in sayi Quadro don kada Yaya ya ce na sayi kayan wasa?

Assalamu alaikum, Kawu. Ni matashi ne, na karanta zanen gine-gine, na gama bautar ƙasa bara. Yanzu ina zaune a Kubwa, ina karɓar 'yan ayyukan zanen gida daga hannun wani maigida mai ofis a Garki. Laftof ɗina ta gaji, hoto ɗaya na Lumion, manhajar fitar da hoton gini, sai ta kwana tana nishi a kansa. Yayana da ke aiki a Fatakwal ya turo mini naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu in haɗa kwamfutar tebur, da sharaɗi ɗaya: kayan aiki zan saya, ba kayan wasa ba. To Kawu, ba zan ɓoye maka ba, ina buga gem, FC da GTA, su ne hutuna da daddare. Na je Wuse 2, wani mai shago ya nuna mini kwamfutar tebur HP Z440 ta hannu da katin girafik Quadro P4000 a ciki. Ya ce wannan na injiniyoyi ne, sabonsa ya fi ƙarfin talaka, kuma in na ƙaro kuɗi zai sa mini RTX A4000. Abokina kuma ya ce in rabu da su in sayi GeForce RTX 3060, wanda kuɗinsa kusan ɗaya ne da na P4000 ɗin. Damuwata ita ce Yaya zai zo da sallah, in ya ga kwali da hoton gem a jiki ban san da wane ido zan kalle shi ba. Shin katin injiniyoyin zai buga gem da kyau, in saye shi in huta da surutu?

Ɗanka, daga Kubwa, Abuja.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka wa Yayanka da alheri, miliyan da ɗari biyu a wannan marra ba kuɗin da ake tsinta a hanya ba ne. Tambayoyi biyu ka cusa a riga ɗaya, ta kati da ta Yaya. Zan fara da ta kati, domin in ta warware za ka ga ta Yayan ba ta kai yadda ka ɗauke ta ba.

Mai shagon nan bai yi maka ƙarya ba da ya ce Quadro na injiniyoyi ne, kuma sabonsa da tsada. Dalilin tsadar ne bai ƙarasa maka ba. Kamfanin Nvidia, mai Quadro da GeForce duka, ba ya ƙera wata ƙwaƙwalwa daban don injiniya, wata daban don ɗan gem. Shadda ɗaya ake yankawa, a ɗinka wa wannan babbar riga, a ɗinka wa wancan 'yar shara. P4000 da aka nuna maka ya fito a 2017, kuma ƙwaƙwalwar da ke cikinsa, mai suna GP104, ita ce dai a cikin GTX 1070 da GTX 1080 na 'yan gem. Har rage masa aka yi. GTX 1070 na da 'yan ƙananan ma'aikatan nan da ake kira CUDA guda 1920, shi kuwa P4000 guda 1792 gare shi, sannan an sassauta masa gudu don kada ya ci wutar da ta wuce wat 105. Saboda haka in aka zo fagen gem, P4000 ƙanin 1070 ne, kuma 1070 ɗin kansa tun 2016 yake duniya.

To me mutane ke saya da suke biyan ninki biyu ko uku a kan katin aiki? Sa hannu suke saya. Masu manhajoji irin su SolidWorks da CATIA da Siemens NX sukan gwada waɗannan katuna da direbobinsu, wato manhajar da ke tuƙa katin, sannan su sa su a jerin waɗanda suka amince da su. Ka ɗauki kamfanin da ke ƙera injin jirgin sama, mai injiniyoyi ɗaruruwa. Ranar da manhaja ta cije, za su kira masu ita, kuma tambayar farko ita ce wane kati ne a cikin kwamfutar. In ba ya cikin jerin, sai a ce musu su je su gyara wannan tukuna. Ga irin wannan kamfani, asarar yini ɗaya ta fi kuɗin kati nesa ba kusa ba, don haka ba ya ko neman ragi. Akan haɗa musu da garanti mai tsawo, da jiki siriri wanda ke shiga rami ɗaya don a iya jera katuna da yawa, wasu kuma da memori mai gyara kuskuren kansa, wanda ake kira ECC. Kai kuma da ke Kubwa, in Lumion ya cije maka da ƙarfe biyun dare, wa za ka kira? Garantin wannan P4000 ya ƙare tun kafin kwantenar da ta kawo shi ta iso Apapa. Za ka biya kuɗin sunan, alhali amfanin sunan ya tsaya a ofishin da aka fara sayensa.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe da kyau, don shi ne zai raba gardama tsakaninka da zuciyarka. Manhajojin da kuke fitar da hoton gini da su, Lumion da Enscape da Twinmotion da D5, a tsarin gem aka gina su. Twinmotion ma mallakar Epic Games ne tun 2019, kamfanin da ya yi Fortnite, kuma a kan injinsu na Unreal yake tafiya. Lokacin da kake yawo da kyamara a cikin falon da ka zana wa Alhaji, kana juya rana kana duba inda inuwa za ta faɗa, katinka bai san bambancin wannan da yawo a titunan GTA ba. Aiki ɗaya ne a wurinsa. Katin da ya fi gudu a gem shi ne zai fi gudu a renda, wato fitar da hoton gini. Revit da AutoCAD kuwa, yawancin nauyinsu a kan furosesa yake, katin girafik matsakaici ma ya ishe su. In ka duba jerin abin da kake ci da shi, babu ko ɗaya da ke neman takardar shaidar da ta sa Quadro tsada.

Shi ya sa nake ganin abokinka ya fi mai shago gaskiya a kan lamarinka. RTX 3060 ya fito a Fabrairun 2021 a kan dala 329, da memori giga 12 da CUDA 3584. P4000 giga 8 gare shi. Ƙari a kan haka, 3060 na da sassa na musamman masu lissafin yadda haske ke tafiya yana dawowa daga bango da gilashi da tayil, abin da sababbin fitowar manhajojin renda ke dogara da shi, kuma yana da DLSS, dabarar da ke sa gem ya ƙara santsi ba tare da hoton ya lalace sosai ba. P4000 ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, don an yi shi kafin zuwansu. Sannan Nvidia ta daina yi wa katunan zamaninsa, wato zuriyar Pascal, sababbin direbobin gem tun ƙarshen 2025, sai dai gyaran tsaro. Kati ne da aka riga aka yi wa ritaya. In kuɗinsu ɗaya ne kamar yadda ka ce, babu ma abin tsayawa shawara.

Amma ka kula, 3060 kala biyu ne. Akwai na asali mai giga 12, akwai wani da aka fitar daga baya mai giga 8, wanda aka ƙuntata masa hanyar memori, kuma bai kai na farkon gudu ba. Sunan ɗaya ne a kwali. Mai giga 12 za ka nema.

A4000 kuwa ba zan raina shi ba, kati ne na ƙwarai, kuma ni kaina ina sha'awarsa. Shi ma na 2021 ne, bayan da Nvidia ta ajiye sunan Quadro ta koma kiran katunan aikinta RTX A kaza. Memorinsa giga 16, CUDA ɗinsa kuwa 6144, yawan da ya yi daidai da na RTX 3070 Ti ba ragi ba ƙari. Inda suka rabu shi ne cin wuta: 3070 Ti na jan wat 290, A4000 an ɗaure shi a 140. Doki ɗaya ne, amma wannan an ja masa linzami. A gem yakan faɗo tsakanin 3060 Ti da 3070, alhali lokacin fitowarsu shi yana wajen dala dubu, 3070 kuma dala 499. Ko a kasuwar na hannu har yanzu yana riƙe da wuyansa, saboda masu harkar ƙirƙirarriyar basira na neman giga 16 ɗin nan. In ka saye shi daga cikin miliyan da ɗari biyun, zai cinye kaso mafi tsoka, ya bar ka kana lallaɓa sauran kayan, ga shi ba ka sayi allo mai kyau ba, ba ka sayi abin kare kwamfutar daga wuta ba. Kuma fankarsa ɗaya ce 'yar ƙarama a siririn jiki. An yi ta ne don ofis mai sanyin na'ura. A ɗakin Kubwa cikin watan Maris, lokacin da ko fankar sama iska mai zafi take kaɗawa, za ka ji kukanta har tsakar gida, kuma da zarar kati ya yi zafi sosai da kansa yake rage gudu.

Akwai hujja ɗaya da masu son katin aiki ke kawowa wadda a ƙasar nan ba ta wasa ba ce, wato wuta. Bari mu yi mata lissafi a fili. Bambancin wat 150 tsakanin A4000 da 3070 Ti, in kana aiki awa shida kullum, ya kama yunit 27 a wata. Ko da farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa 'yan rukunin A na masu amfani da wutar lantarki a Afrilun 2024 ka lissafa, abin bai wuce naira dubu shida da 'yan kai ba. Shekaru za ka yi kafin wannan ya biya maka bambancin kuɗin kati. To amma in a kan inbata kake, zancen ya canza. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, irin na ruwa, abin da za ka iya ja daga cikinsa ba tare da ka kashe shi da wuri ba bai wuce rabin abin da ya ɗauka ba, wajen wat 1200 na awa ɗaya. Kwamfutar da ke jan 200 za ta kai ka awa shida a lissafin takarda, mai jan 450 ba za ta cika uku ba. Wanda aka taɓa ɗauke wa wuta renda na kashi casa'in cikin ɗari ya san darajar kowace awa.

Sai dai ko a nan, kwatancen da ya shafe ka ba da 3070 Ti ba ne. RTX 3060 wat 170 yake ci, bambancinsa da A4000 talatin ne kacal. RTX 4060 na 2023 ma wat 115 ne, ƙasa da A4000 ɗin, illarsa kawai memorinsa giga 8 ne, wanda zai iya matse ka ranar da aka ba ka zanen rukunin gidaje da bishiyoyi da motoci. Kuma da manhajar kyauta irin MSI Afterburner kana iya ja wa katin gem linzami da hannunka, ka rage masa wuta da kashi ashirin, gudun da za ka rasa ɗan kaɗan ne. Abin da Nvidia ta yi wa A4000 ke nan, ita ta sa masa farashi.

Don kada a ce Kawu ya tsani katin aiki, ga inda nake tura mutum ya saye shi da bakina. Wanda ke aikin injiniyan ƙarfe da SolidWorks, don akwai abubuwan da manhajar ba ta buɗewa sai ta ga katin da ta amince da shi. Wanda zanensa ya yi girman da giga 12 ba ta ɗauka. Da kuma wanda ke da 'yar ƙaramar kwamfutar ofis, irin siraran Dell da HP ɗin nan, wadda ba ta da wurin babban kati kuma ba ta da wayar ƙarin wuta. Wannan RTX A2000 ne maganinsa: wat 70, gajere, daga ramin da aka soka shi yake shan wutarsa, kuma a gem yana kusa da RTX 3050. Na taɓa haɗa wa wani yaro a Lugbe irin wannan, gidansu sola ce kawai, kuma har yau yana yi mini addu'a. Kai ba ka cikin ukun nan.

Z440 ɗin ma ina da magana a kansa, don na ga hankalinka duk ya tafi kan kati ka manta da gidan da zai zauna. Akwati ne mai ƙwari, an gina shi kamar tankar yaƙi, amma furosesa Xeon da ke cikinsa na tsakanin 2014 da 2016 ne. Ma'aikata da yawa, kowanne mai tafiyar hawainiya. Revit kuwa da gem duk sun fi son ma'aikaci ɗaya mai zafin nama. Ba ya cikin jerin waɗanda Microsoft ta amince su ɗauki Windows 11, ga shi an rufe tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Akwatin wutarsa ma ƙirar HP ne na musamman, wani mai wat 525, wani 700, ba irin wanda za ka shiga kowane shago ka sauya ba. Na taɓa yin gangancin sa babban kati a irin waɗannan akwatuna da 'yar wayar haɗi ta kasuwa, ina cikin aiki na ji ƙaurin roba. Allah ya taƙaita, wayar ce kawai ta narke. Da kuɗin da ke hannunka, gara a haɗa maka daga tushe: furosesa Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400, memori giga 32, ma'ajiyar SSD, akwatin wuta mai suna na wat 550 zuwa 650, sai 3060 ɗin. Abin da ya rage ka sa a UPS ko sitabilaiza. Kada ka yi rowa a akwatin wuta, shi ne in ya mutu yakan tafi da maƙwabta.

Wani ƙaramin abu da kan ba mutane haushi bayan sun isa gida: P4000 da A4000 ba su da ramin HDMI, DisplayPort huɗu ne a bayansu. In talabijin kake son haɗawa don FC, sai ka nemo mahaɗi.

In za ka sayi na hannu, gani ya kori ji. Kafin Satumban 2022, lokacin da Ethereum ta daina amfani da katunan girafik wajen haƙo kuɗin intanet, katuna da yawa sun yi shekara da shekaru suna aiki dare da rana, kuma A2000 da A4000 na cikin waɗanda mahaƙan suka so saboda ƙarancin cin wutarsu. Don haka sunan katin aiki ba ya nufin an lallaɓa shi. Ka tafi da filashi mai ɗauke da GPU-Z da FurMark. Na farkon zai nuna maka ainihin ƙwaƙwalwar da girman memorin, don akwai tsofaffin katunan da ake sauya wa suna. Na biyun ka bar shi ya gasa katin minti ashirin zuwa talatin a gabanka, kana kallon zafinsa, kana sauraron fanka, kana duba ko allo zai yi ɗige-ɗige ko ya ɗauke. Ka gwada kowane rami. Ka sa a rubuta lambar katin da kwanakin garanti a rasit. Mai shagon da ya ƙi a gwada, ka yi masa sallama cikin mutunci, shaguna ba su ƙare ba a Banex, kasuwar kwamfuta ta Wuse 2. Bayan ka kai gida kuma, hunturu na zuwa da ƙurarsa, duk wata biyu ka buɗe akwatin ka hure shi.

To, mu dawo kan Yaya.

Dabarar da ka zo da ita, in na fahimce ka, ita ce ka sayi kati mafi rauni da kuɗinsa don kwalin ya yi kama da na mutanen kirki. Ka duba abin da kyau. Shi ya ce ka sayi kayan aiki. Kayan aikin da ya fi dacewa da sana'arka shi ne wanda aka rubuta GeForce a jikinsa. In ka sayi P4000 don ka burge shi, a nan ne ka ci amanar kuɗinsa, domin kowane hoto zai ɗauke ka lokaci fiye da yadda ya kamata, maigidanka na Garki na jira, kai kuma kana riƙe da kwali mai kyan suna.

Kuma ina zaton ba kati Yaya ke tsoro ba. Ya san ƙaninsa. Ya san akwai daren da za a ce wasa ɗaya, a farga an yi kiran assalatu. Wannan tsoron ba Quadro ne zai cire masa shi ba, tunda Quadro ɗin ma yana buga FC, kai ma shi ya sa ka tambaya. Ka kira shi kafin ka biya ko sisi. Ka ce, "Yaya, na bincika, katin da ya fi yi wa aikina kyau shi ne irin wanda 'yan gem ke amfani da shi, ga dalili, ga farashi. Kuma ba zan ɓoye maka ba, nakan buga gem da daddare in na gama aiki." In yana so ya tabbatar, ya buɗe shafin Lumion da kansa ya duba katunan da suke ba da shawara a saya. Nvidia ma tun 2019 tana fitar wa katunan GeForce direba na musamman mai suna Studio don masu zane da haɗa bidiyo, ka sa shi, yana buga gem lafiya lau. Mai yiwuwa Yaya ya yi ɗan faɗa. Faɗan waya na minti biyar ya fi sauƙi a kan ya zo da sallah ya gano da kansa, daga nan kuma duk abin da ka ce masa sai ya auna shi sau biyu. Sannan ka ɗaura wa kanka sharaɗin da za ka iya faɗa masa ba kunya: ranar da akwai aikin mutane a hannunka, ba a taɓa fad ɗin buga gem sai an tura aikin.

In ya zo, kada ka tura kwalin ƙarƙashin gado. Ka zaunar da shi, ka buɗe zanen da laftof ɗinka ke kwana a kansa, ka danna renda yana kallo, ka bar shi ya duba agogo da kansa. Ka nuna masa alat ɗin aikin farko da kwamfutar ta kawo, ko da kaɗan ne, ka cire wani abu ka ce na man mota ne. In daga baya ya ce a miƙo masa fad ɗaya ya gwada, ka bar masa ƙungiyar da yake so.